Kabari, Fada da Kasuwa: Yadda Aikin Taswirar Kwarin Deben Ke Tafiya

4 ga Maris, 2023

Abin da na ƙudurta bana shi ne zana taswira guda ta kudu maso gabashin gundumar Suffolk ta Ingila, yadda yankin yake tsakanin shekarar 550 da 850, da bayani da Hausa a gefe, irin wadda mutum zai naɗe ya sa a aljihu ya bi da ƙafa ko ta jirgin ƙasa. Gundumar duka ta fi ƙarfina. Na tsaya kan ƙasar da ke tsakanin kogin Orwell, inda garin Ipswich yake, da kogin Alde can arewa, kogin Deben kuma ya ratsa tsakaninsu.

Duk wanda aka ce masa tarihin Suffolk, kwalkwalin Sutton Hoo ne zai faɗo masa a rai. Yana jikin kofin shayi, yana jikin riga, yana bangon littattafan 'yan makaranta. To amma Sutton Hoo maƙabarta ce, inda aka binne wani babban mutum a cikin jirgin ruwa da kwalkwalin da tarin dukiya, a zamanin da nake magana ba mai kwana can sai mamaci. Wanda aka binne da wannan uban dukiya a wani wuri ya zauna ya yi shari'a. Wasu ne suka noma abin da ya ci, wasu suka ƙera masa takobi, wasu suka tuƙa masa jirgi. Su nake nema.

Kayan aiki ba su da yawa. Akwai rumbun bayanan wuraren tarihi da hukumar gundumar ta sa a intanet, Suffolk Heritage Explorer, inda kowane wurin da aka taɓa tono wani abu yake da lambarsa. Akwai tsofaffin taswirorin gwamnati da ɗakin karatun ƙasa na Sikotilan ya ɗora kyauta. Sai babbar takarda da shara-sharan takardu uku da zan riƙa ɗorawa a kanta: ja ta kaburbura, baƙa ta mazaunai, shuɗiya ta kasuwa da sana'a. Gidan tarihin Ipswich a rufe yake tun Oktoban bara saboda gyara, wannan ya rage mini hanya ɗaya.

18 ga Maris

Ma'adanar takardun gundumar, The Hold, a bakin ruwan Ipswich. Fensir kawai ake shiga da shi. Na nemi taswirorin ushirin coci na wajejen 1840 na ƙauyukan Sutton, Bromeswell, Eyke da Rendlesham, don kowace gona a ciki tana da lamba da suna da mai ita. Sun yi nisa da zamanina da shekara kusan dubu ko fiye, amma tsofaffin hanyoyi da mashigai ba sa saurin canja wuri, su na kwafe.

Na kuma leƙa fassarar ƙidayar Domesday ta 1086. Suffolk ta yi sa'a a nan, domin ita da Norfolk da Essex suna cikin ƙaramin kundin da ba a taƙaita ba, har aladu da tumaki an ƙirga. Abin da ya tsaya mini shi ne Ipswich: masu biyan haraji 538 kafin zuwan Nomawan Wiliyam, wato mutanen Nomandi, a 1066, amma bayan shekara ashirin saura 110, da wasu matalauta 100 da ba sa iya biyan fiye da kwabo ɗaya, ga gidaje 328 sun zama kango. Wannan ba zai shiga taswirar ba, ya zo bayan zamanina da yawa. Na rubuta shi ne don kada ya ɓace mini.

Azumi na ƙaratowa, fita za ta dakata.

29 ga Afrilu

Sutton Hoo. Na sauka a tashar Melton, na haye gadar Wilford, na hau tudu. Da gangan na ƙi shiga mota, ina son ƙafata ta gaya mini tsayin wurin daga kogi, tunda ta wannan gangaren aka jawo jirgi mai tsawon mita 27 zuwa sama. Ta gaya mini.

Wanda ya zo da zumuɗin ganin abin mamaki zai iya jin an cuce shi. Tuddai ne kusan 18, yawancinsu noma da zomaye da ruwan sama sun lafe su, in ba an nuna maka ba sai ka taka ka wuce. Guda ɗaya, tudu na 2, aka sake tara wa ƙasa don a ga yadda suke a da. Sai ka hau hasumiyar kallo mai mita 17 sannan wurin zai yi maka magana: kaburburan a jere a bakin tudu, Deben a ƙasa, Woodbridge a tsallake. An zaɓi wurin ne don duk mai shigowa ta ruwa daga teku ya ɗaga kai ya gani.

Labarin tonon sananne ne, amma ga abin da zan sa a gefen taswira. Mai filin, Edith Pretty, ta ɗauki Basil Brown a 1938, mutumin ƙauyen Rickinghall da ya bar makaranta yana ɗan shekara 12 ya koya wa kansa sauran. A watan Mayun 1939 ya shiga babban tudun tare da mai lambun gidan da mai gadin dajinta. Da suka ci karo da ƙusar ƙarfe ta farko bai cire ta ba. Nan gwanintar take. Katakon jirgin ya riga ya narke, yashin wurin mai tsami ne, yana cin itace da ƙashi. Abin da ya rage shi ne ƙusoshin a jere inda katako ya bar su, da wata baƙar inuwa a cikin yashi. Brown ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin cokalin gini da buroshi har siffar jirgin ta fito ɗungurungum. Da mai gaggawa ne ya tattara ƙusoshin a bokiti, da ba jirgi.

Sa'a ma ta taimaka. Ɓarayin kabari sun riga shi zuwa tun ƙarni na 16, suka haƙa rami a inda suka ɗauka tsakiya ce, har suka bar tulunsu a ciki. Ashe noma ya riga ya cinye gefe ɗaya na tudun, tsakiyar ta gusa, suka kuskure ɗakin gawar. Daga baya Charles Phillips na Kambirij ya karɓi ragamar aikin, Peggy Piggott ta fito da zinariya ta farko ranar 21 ga Yuli. A 14 ga Agusta aka yi zaman shari'a a ƙauyen Sutton aka ce dukiyar ta Misis Pretty ce, ita kuwa ta ba ƙasa kyauta. Ba a yi wata guda ba yaƙi ya ɓarke, kayan suka kwana a ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan, filin kuma sojoji suka mai da shi wurin atisaye.

Kayan na gaske suna gidan tarihin Birtaniya. Ni abin da ya dame ni a cikinsu shi ne daga ina suka zo, don zan ja kibiyoyi a gefen takarda. Tsabar zinariya 37 daga ƙasar Faransawan farko, kowace daga maƙera daban, su ne suka sa masana suka ajiye binnewar tsakanin 610 da 635. Babban faifan azurfa mai hatimin Anastasiyus, sarkin Rumawan gabas da ya yi mulki daga 491 zuwa 518. Dunƙulen baƙin abu da aka daɗe ana ɗauka ƙaron itace ne, sai a 2016 gwaji ya nuna kwalta ce daga yankin Siriya. Kan ɗamara na zinariya mai nauyin giram 412 kuwa aikin gida ne. Babu suna a kabarin, amma yawancin masana sun karkata ga Raedwald, sarkin Angilawan Gabas, masarautar da Suffolk ke cikinta, wanda ya mutu wajejen 624.

Akwai wasu matattun da ba a sa hotonsu a kofin shayi. A tonon da Martin Carver ya jagoranta daga 1983 zuwa farkon shekarun 1990 an sami gawarwaki kusan 40 da yashi ya mai da su ɓawon ƙasa mai siffar mutum, wasu an sare kai, wasu hannu a ɗaure. Bayan sarakuna sun daina binne nasu a nan, wurin ya koma inda ake zartar da hukuncin kisa. Na ba su ɗigon ja nasu daban.

13 ga Mayu

Woodbridge, rumfar da ake kira Longshed a bakin kogi, inda 'yan sa kai ke sake gina jirgin da girmansa na asali. Ba zarto. Gungumen itacen ok ɗanye ake tsagawa da weji da guduma, a sassaƙe da gatari har ya zama falle, sannan a ɗora gefen wannan falle kan wancan a ɗaure da ƙusar ƙarfe. Na tsaya ina kallon wani dattijo yana sassaƙa, ba ya ɗaga gatarin sama, gajerun sara yake yi yana bin jijiyar itacen, ɓawon na zuba a kan takalminsa. Ya ce katakon da aka tsaga ya fi wanda aka yanka ƙarfi, don ba a katse masa jijiya ba.

Ma'aunin da suke bi ya dogara sosai kan hotunan da wasu malaman makaranta mata biyu, Mercie Lack da Barbara Wagstaff, suka ɗauka a 1939. Sun zo hutu ne suka tsaya. Hotunan da awon sun nuna jirgin yana da faci, ke nan ya sha aiki a ruwa kafin a binne shi, kuma ana ƙiyasin matuƙa 40 ne, ashirin kowane gefe. Mutum arba'in masu ƙarfi, da masu sarar itace, da maƙeran da suka buga dubban ƙusoshi. Duk waɗannan suna da gida a wani wuri, takardata baƙa kuwa har yanzu fara ce fat.

10 ga Yuni

Yau ta fara baƙi. Rendlesham tana kusan kilomita 6 sama da Sutton Hoo in ka bi Deben. Ba abin da ido zai gani: gonakin hatsi, shingen ƙaya, cocin St Gregory da hasumiyarsa ta ƙanƙarar dutse. Filin na mutane ne, ba a shiga, na tsaya kan hanyar ƙafa ta jama'a.

Sunan wurin ya daɗe a rubuce. Malamin coci Bede, wanda ya gama tarihinsa a 731, ya ce a Rendlesham, garin sarki, aka yi wa Swithhelm sarkin Saksawan Gabas wankan shiga Kiristanci, Aethelwald sarkin Angilawan Gabas ya tsaya masa. An san sunan, ba a san gonar ba. Abin da ya tona asirin kuwa ɓarayi ne. Masu shiga da dare da na'urar gano ƙarfe sun addabi gonakin, mai filin ya kai kuka ga sashen binciken kayan tarihi na hukumar gundumar, daga 2008 aka sa wasu amintattun masu na'ura su huɗu suka bi gonakin taki-taki shekara da shekaru, duk abin da suka tsinta a rubuta daidai inda ya fito. Wannan rubutawar ita ce bambancinsu da ɓarayin. Tsabar zinariya a aljihun wani kuɗi ce kawai, amma ɗigonta a kan taswira tare da dubban ɗigo shi ya fito da gari mai faɗin hekta 50.

Kayan suna baje a Sutton Hoo tun Maris, za su kai ƙarshen Oktoba, na gan su a zuwana na Afrilu. Ba su da ƙyallin na kabarin, amma sun fi shi surutu. Akwai ma'aunan awon kuɗi, da tsabar tagulla daga ƙasar Rumawan gabas, da ɗigon zinariya da ya zuba daga tukunyar maƙeri, da kayan da aka fara zubawa suka lalace aka yar. Kabari yana nuna abin da aka zaɓa a nuna. Juji ba ya zaɓe. Ƙasusuwan shanu da aladu da aka tono a bolar wurin sun nuna an ci nama ba na wasa ba.

A tonon bara, ƙarƙashin shirin Rendlesham Revealed wanda Farfesa Christopher Scull ke ba shawara, aka fito da harsashin babban zaure na katako, tsawo mita 23, faɗi mita 10. Nan sarki ke sauka. Sarakunan wannan zamani ba su da babban birni guda, rangadi suke yi daga wannan gida zuwa wancan da jama'arsu, su cinye harajin abinci da talakawan yankin suka tara, su yi shari'a, su raba kyauta, su ƙara gaba. Ƙarfin wurin ya kai ƙololuwa daga wajejen 570 zuwa 720, daga nan ya dusashe ya koma ƙauye kamar kowane. Na ja layi ƙarƙashin 720 ɗin nan, zan dawo kanta.

A ganina, in mutum zai ga wuri ɗaya tak don ya fahimci masarautar, kayan Rendlesham ya kamata ya gani. Na san ba wanda zai bi wannan shawara.

8 ga Yuli

Snape, kusa da Alde. Nan aka fara tono jirgin binnewa a Ingila, a 1862, mai tsawon kusan mita 14, da zoben zinariya a ciki. Yau titi ne da gona. Ɗigon ja ɗaya, ban daɗe ba.

Na yanke shawara kan abubuwa biyu da suke ta jan hankalina. Dunwich, tashar jiragen ruwan da teku ta cinye bayan guguwowin 1286 da 1328, wadda hasumiyar cocinta na All Saints ta faɗa daga gaɓa a 1919, ta fita. Labarinta na wani zamani ne. Haka taskar Hoxne, tsabar kuɗin Rumawa 14,865 da Eric Lawes ya ci karo da su a 1992 yana neman gudumar da abokinsa ya yar a gona. Ta riga zamanina, kuma tana can arewa. Da wuya na cire su, amma taswirar da ta ɗauki komai ba mai iya karanta ta.

22 ga Yuli

West Stow, yammacin gundumar, wajen iyakata. Na je ne don in ga gida a tsaye. Stanley West ya tone ƙauyen daga 1965 zuwa 1972, ya sami ramukan bukkoki kusan 70 da zaurukan katako bakwai, na mutanen da suka zauna daga wajejen 420 zuwa 650. Yashin da iska ta kwaso a tsakiyar zamanai ya rufe wurin ya tsare shi. An sake gina wasu a kan ainihin gurabensu. Ciki duhu, hayaƙi ya kama jinka, ramin yana ƙarƙashin daɓen katako. Na zana guda biyu don kusurwar taswira.

12 ga Agusta

Mai gidan da muke haya ya yarda in haƙa ramin gwaji a bayan gida, da sharaɗin in mayar da ciyawa yadda na same ta. Muna ɓangaren Stoke, kudu da kogi. A 2012 an yi babban tono a Stoke Quay aka sami mazaunin zamanin Saksawa da kaburbura fiye da 1,100 na wani tsohon coci, don haka ba zancen banza ba ne in gwada.

Ƙa'idar ramin gwaji mai sauƙi ce. Mita ɗaya kowane gefe. A yanke ciyawa a ajiye kan leda. A riƙa sauka santimita goma-goma, kowane hawa a rairaye ƙasarsa a rariya, abin da ya fito a sa a jakarsa da lambarta, a ɗauki hoto, a zana, sannan a ci gaba. Ba a wuce mita 1.2 saboda kada gefe ya rufta.

Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Maigida, in ka kai ga zinariyar ka tuna da kuɗin wuta." Hawa na farko da na biyu: murfin kwalba, ƙusa, sojan roba mara kai, gutsuren gilashi. Na uku: toka da kwal, fasassun faranti masu zanen shuɗi, ɓallin allon rufi. Gidajen layinmu na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, sharar masu gidan farko ke nan.

13 ga Agusta

Hawa na huɗu zuwa na shida. Ƙasar ta yi duhu, ta yi laushi. Ɓawon kawa ya fara fitowa da yawa, abincin talaka ne a da. Sai karan lofen yumɓu, fari, siririn bututu, gutsure-gutsure. 'Yar autata ce ke kan rariya, idonta ya fi nawa. Ita ta ɗago kan lofe guda cur, ƙarami ƙwarai, cikinsa har yanzu da baƙin taba. "Baba, wannan na yara ne?" Na ce mata na manya ne, taba ce ke da tsada a lokacin, shi ya sa tsofaffin lofe suke da ƙaramin kai, da ta yi araha kan ya girma.

Maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, ya jingina da shinge yana ba da umarni har la'asar.

19 ga Agusta

A hawa na takwas launin kayan ya canja. Ba sauran faranti, ba lofe. Tsingaro uku masu ruwan ƙasa-ƙasa da baƙin hayaƙi a baya, da guda ɗaya mai ruwan toka, gefen bakin tukunya ne, bai fi tsawon ɗan yatsa ba. A santimita 95 na taɓa tsakuwa da jan yashin da hannu bai taɓa motsawa ba. Nan ramin ya ƙare. Na zana gefensa, na mayar da ƙasa, na tattake, na shimfiɗa ciyawa. Tsingaron na wanke da tsohon buroshin haƙori da ruwa zalla, suna kan jarida suna shan iska. Na rubuta wa jami'an da ke rajistar abubuwan da jama'a ke tsinta, ina jiran rana.

16 ga Satumba

Takarda shuɗiya. Na bi tsakiyar Ipswich da ƙafa daga gadar Stoke zuwa Buttermarket zuwa Carr Street. Titunan da mutane ke sayen waya da takalma a kansu yau, da yawansu a kan layin da aka shata tun ƙarni na 8 suke. A ƙarƙashin kantunan Buttermarket, a tonon 1987 zuwa 1988, an sami maƙabartar ƙarni na 7, a samanta kuma tituna da gidaje da matoyar tukwane. Garin ya faɗaɗa ya hau kan matattunsa. Kafin wannan, a 1906, Nina Layard ta bi bayan leburori masu faɗaɗa titin Hadleigh tana ceto kaburburan Saksawa fiye da 150 daga bakin shebur.

Abin da ya ɗaga garin tukunya ce. Daga wajejen 720 zuwa 850 maginan Ipswich suka riƙa yin wata irin tukunya mai kauri, ruwan toka, ana gama ta a kan faifai mai juyawa a hankali, a toya a matoya ta gaske. Tun tafiyar Rumawa ba a yi tukwane da yawa haka a Ingila ba. Ba ta da kyau, gaskiya, amma ba ta fashewa da wuri, ta bazu ko'ina a gabashin ƙasar, har Kent da Yorkshire. Ga mai bincike ta fi zinariya amfani. Yadda a gida ake gane kufai da tsingaro da tsohuwar kuka, haka a nan in garma ta fito da wannan tsingaron a gona, an san mutane sun zauna wurin a wannan tsakani. Yawancin baƙaƙen ɗigon da na samu daga rumbun gundumar da shi aka gano su.

Ga 720 ɗin ta dawo. Lokacin da zauren Rendlesham ke mutuwa shi ne lokacin da matoyun Ipswich ke kamawa, garin ya kai hekta 50, jiragen ruwa na kawo duwatsun niƙa da tulunan giya daga yankin kogin Rhine. Dukiyar da a da ake kai wa sarki har zaurensa ta koma bakin ruwa inda ake karɓar kuɗin fito. Da na ɗora shuɗiya kan baƙa kan ja, nauyin taswirar ya zame daga Deben zuwa Orwell a idona.

21 ga Oktoba

Guguwar Babet. Jiya hukumomi suka ayyana halin gaggawa a gundumar, ruwa ya shiga gidaje a Framlingham da Debenham da Wickham Market. Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Hotunan sama da ake ta yaɗawa sun nuna kwarin Deben cike fal daga gefe zuwa gefe, makiyayun da aka tsane da magudanai duk sun koma ruwa. Na zauna da hotunan da taswirar tsayin ƙasa na sake zana bakin kogin, na ba shi faɗi da fadama kamar kafin a yi bangayen tare ruwa. Ɗigon mazaunai kusan duka sun zauna a busasshen gefe, dab da inda ruwan jiya ya tsaya.

25 ga Nuwamba

A makon nan aka sanar da sakamakon tonon bana a Rendlesham. Wani gini mai mita 10 da 5, harsashinsa ya yi ƙarfi fiye da girmansa, masu binciken suna ganin mai yiwuwa ɗakin bauta ne na kafin Kiristanci. An kuma tabbatar da ramin da ya kewaye unguwar sarki, tsawonsa kusan kilomita ɗaya da rabi.

Kowa ya ruga ga Bede. Shi ya ce Raedwald ya karɓi Kiristanci a Kent, da ya dawo gida matarsa da wasu mashawarta suka juya shi, sai ya ajiye bagadi biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya na Almasihu, ɗaya na yanka wa allolin kakanni. Ya ƙara da cewa sarki Aldwulf ya ga ɗakin da idonsa yana yaro. Jaridu sun haɗa wannan da wancan sun ɗaure. Masu tonon ba su ɗaure ba, Bede ma bai ce a Rendlesham ɗakin yake ba. A taswira na sa alamar gini da kalmar "wataƙila" a gefe, labarin bagadi biyun kuma ya tafi cikin bayanin Raedwald, nesa da ɗigon.

9 ga Disamba

An duba tsingarona. Ukun nan tukwanen girki ne na ƙarni na 12 zuwa na 14. Mai ruwan tokar kuwa, jami'ar rajistar ta ɗauki lokaci a kansa. Ta ciro wani tsingaron Ipswich na gaske daga akwatin misalai ta sa mini a hannun dama, nawa a hagu. Na dama ya fi kauri nesa ba kusa ba, yana da nauyi, jikinsa da ƙuraje-ƙurajen yashi, da kwarin yatsa mai faɗi a kafaɗa. Nawa siriri ne, a cikinsa akwai layuka ƙanana a jere, alamar faifai mai gudu. Irin Thetford ne, in ji ta, wanda ya gaji na farkon daga tsakiyar ƙarni na 9, kuma a Ipswich ma an yi shi, a unguwar maginan nan ta Carr Street. Ke nan bayan gidanmu ya makara da kaɗan, ba zai hau taswirar ba. An ba shi lamba, ya shiga rajista.

Inda aiki ya tsaya: takarda ja ta kammala. Shuɗiya saura kibiyoyin kayan waje. Baƙa tana da giɓi babba tsakanin Martlesham da Ipswich, sai na koma rumbun gundumar na bi ƙauyukan ɗaya-ɗaya, in kuma ƙara Coddenham a gefen yamma ko da ta ɗan fita iyaka. Bayanin Hausa na rubuta na Sutton Hoo da Rendlesham, na Ipswich ya yi tsawo, sai an rage rabi. Maƙwabcina ya ce in zo in haƙa nasa bayan gidan, ya fi namu kusa da kogi da taku kaɗan. Mun sa Afrilu, bayan ƙaramar Sallah, in ƙasa ta tsane.